Akurkin da Na Buɗe a Gaban Masu Jirage

Ba zan taɓa mantawa da ranar nan ba, ko na so in manta ma mutanen Yelwa ba za su bari ba. Amma kafin in shiga labarin, ya kamata ku san da wa kuke magana. Daga Yelwa ka gangara Warra, ka haura Ngaski, ka dawo ka miƙe Shanga, babu wayar da ta taɓa shiga shagona a sume ta fita a sume. Wayar da ta faɗa ruwa har ƙarfasa ta yi ƙwai a cikinta, na tashe ta. Laftof ɗin da jaki ya zauna a kai, na tashe shi, har ya fi da gudu. Mutane suna ce mini Injiniya (ban taɓa taka jami'a ba, amma ni ba na hana mutane faɗin gaskiya). A wayata ma sunan da na sa wa kaina shi ne Injiniya Dodon Bairos, wato dodon cutar kwamfuta, ga hotona da baƙin gilashi, na rungumo giwan ruwa da ta kusa tsawona. Ba ni na kama ta ba, aronta na yi a bakin kasuwa. Ku riƙe sunan nan da hoton nan, za su dawo.

Da gyaran waya ya fara yi mini kaɗan, sai na shiga fiɗar manhaja. Wato ka ɗauko manhajar da wani ya haɗa, ka feɗe ta, ka ga hanjinta da hantarta, ka gane abin da aka sa ta yi a ɓoye. Wadda ta koya mini ita ce Malama Rifkatu, 'yar wajen Ngaski, mai koyar da kwamfuta a wata sakandare a nan cikin gari. Mace ce marar yawan magana, abin da ban taɓa gane amfaninsa ba. Ita ta sa mini manhajar fiɗar a laftof, ta zaunar da ni kamar ɗan aji ɗaya.

Ta ce, "Injiniya, wannan manhajar wuƙa ce. Amma a cikin sandbos na sa maka ita."

Na ce, "Sandbos kuma? Abin ci ne?"

"Ka ɗauke shi akurki. Kwamfutar ce da kanta take tsare wuƙar a ciki. Ba ta ganin fayilolinka sai wanda ka miƙa mata. Ba ta hawa intanet. Duk abin da ka jona da kebul, ba ta san da shi ba. Akwai wayar bogi a cikin akurkin, in kana son ganin yadda mugun abu ke aiki, a kanta za ka sake shi, ya yi haukansa ya gaji."

Na ce, "Malama, ni dai maciji na san ana rufewa. Wa ya taɓa sa wuƙa a akurki?"

Ta ce, "Wuƙar da ta shiga cikin maciji da dafi take fitowa. Kuma mai riƙe da wuƙar ma ba kullum yake cikin hankalinsa ba."

Na yi dariya sosai. Na ɗauka mutane take nufi gaba ɗaya.

Gaskiya tun daga ranar na tsani akurkin nan. Ka ce wa manhajar ta ajiye maka hoto a inda kake so, ta ce ba izini. Ka ce ta leƙa wancan fayil, ta ce ba izini. Laftof ɗina, da gumina na saya, a shagona, ina zaune a kan kujerata, wani abu da ko fuska ba shi da ita yana ce mini ba izini. Ko a gidan surukaina ba a taɓa yi mini irin wannan ba. Duk wanda ya ƙirƙiro shi, na ce a raina, mutum ne da bai yarda da kowa ba, irin wanda ke kulle tukunyar miya da kwaɗo.

Ana nan sai Alhaji Mamman, shugaban masu jiragen ruwa na tasharmu, ya zo shago ransa a ɓace. An turo masa saƙo cewa wani abokin cinikinsa, dillalin banda a can kudu, ya rasu, ga hoton mutumin, ga wani abu a ƙasa wai a danna a ga lokacin jana'iza. Shi Alhaji ba mai danne-danne ba ne, sai ya buga waya don ya yi wa iyalin gaisuwa. Mamacin ne ya ɗauka, yana cin tuwo. Ashe mugun abu ne. Duk wanda ya danna, sai ya shige wayarsa, ya kwashe sunayen mutanensa kaf, ya sanar da su cewa mai wayar ya mutu, daga baya a bi su da roƙon gudummawar likkafani. Alhaji ya ce in zo ranar taronsu in ja wa 'yan ƙungiya kunne.

To, ai magana ɗaya ce. In tsaya in ce, jama'a, kada ku danna, in koma shagona. Amma Dodo ba ya magana ɗaya. Na ce, "Alhaji, turo mini shi. A gabanku zan feɗe shi har wutsiya."

Ranar taro aka cika rumfar bakin ruwa, masu jirage da masunta da dillalai, har da waɗanda suka zo jiran jirgin Warra suka ga taro suka tsaya. Na aro babbar talabijin daga gidan kallon ƙwallo don kowa ya ga abin da nake gani. An ɗauke wuta kamar kullum, sai ɗan janareta, soket ɗinsa kuma talabijin da laftof sun cinye. Cajin wayata ya yi ƙasa, sai na jona ta da kebul a jikin laftof, na kife ta a bayan jaka na manta da ita. Kuma wayata, kamar ta kowane mai gyara, ƙofarta ta baya a buɗe take, wato inda muke bi da kwamfuta mu ba waya umarni ba tare da ta tambayi kowa ba. Na buɗe ta don wani aiki tun tuni ban rufe ba. Kun san tela, shi ne mai yagaggen wando.

A sahun gaba ga Bala, taubashina, ɗan Kawu Isa ƙanen mahaifiyata. Gyaran injin jirgi yake yi. Ba ilimi ya kawo shi ba, ya zo ne ya jira in yi tuntuɓe.

Farko abin ya yi kyau, ba yabon kai ba. Na buɗe cikin mugun a talabijin. Na ce, kun ga nan, nan ne yake karanta sunayen mutanenka. Kun ga nan, rubutun sanarwar ne, an bar gurbin suna, sunan mai waya yake ɗauka ya cike. Kun ga nan, hotonka yake sata. Dattawa suna gyaɗa kai. Alhaji ya ce, "Madalla, Injiniya, mun gane." Har ya fara tattara babbar rigarsa zai yi addu'ar tashi.

A nan ya kamata in rufe laftof. Sai na ji bakina yana cewa, "Alhaji, ai wannan gawarsa kuka gani. Yanzu zan sake shi da rai a gabanku."

Na kunna wayar bogin da ke cikin akurki. Ta ƙi tashi. Wani ɗan zobe ne yake ta juyawa a tsakiyar talabijin. Rana ta take, laftof ya yi zafi kamar kaskon suya, zobe na juyawa. Can sai ga rubutu, wai akurki ya hana ta amfani da wani sashe na injin kwamfuta, don haka a yi haƙuri za ta yi nawa. Ba izini ke nan, a gaban jama'a. Mutane suka fara gyaran murya. Wani ya tashi ya tafi duba jirginsa.

Bala ya ce, "Injiniya, ko a ja mata igiya ne kamar injin jirgi?"

Aka yi dariya.

"Ko ruwa ne ya shiga man? Ina da fulogi sabo a aljihu."

Aka ƙara dariya, har da Alhaji, yana rufe baki da hannun riga. Raina ya yi baƙi ƙirin. Ni za a yi wa dariya a bakin ruwan Yelwa saboda akurkin wata malamar makaranta? Sai na tuna wani ɗan layi da na gani a bidiyon wani mai surutu a intanet, ya ce in ka liƙa shi a gaban sunan manhajar, za ta tashi a waje, babu akurki, babu ba izini. (Mutumin nan, duk inda yake, ban yafe ba. Ya yi ta murmushi yana cewa abu ne mai sauƙi.) Na rufe manhajar, na rubuta layin, na sake buɗe ta.

Jan rubutu ya cika talabijin, manya-manya, da alamar gargaɗi.

Alhaji ya ce, "Wannan jan fa, me yake cewa?"

Na ce, "Gaisuwa ce, Alhaji. Su can da ja suke gaisuwa."

Na danna inda aka rubuta na yarda. Nan take manhajar ta ce ta sami waya. Babu zobe, babu jira. Fuskar waya ta bayyana a talabijin tas. Na juya na kalli Bala, na buɗe hannuwa kamar wanda ya ci ƙwallo.

Bala ya ƙura ido. Ya ce, "To ita wayar bogin, a ina ta san Sadiya?"

Hoton 'yata ne a fuskar wayar, da kayan makaranta. Ba zan ɓoye muku ba, na ɗan tsargu. Amma bakina ya riga hankalina nisa, ba ya jiran kowa. Na ce, "Fasaha ke nan, ɗan ƙauye. Kwaikwayo take yi don ta yaudari ɓarawo." Na danna maɓallin saki.

Ita kuwa manhajar fiɗa, an yi ta ne don ta bar mugu ya yi duk abin da yake so a ga halinsa, tunda a cikin akurki babu abin da zai ɓata. Don haka duk abin da ya roƙa ba shi take yi. Sunayen mutane? Ɗauki. Tura tes? Tura. Hotuna? Ga su. Ta fito daga akurki, ta waiga, wayar farko da ta gani ita ce wadda ke kife a bayan jakata da ƙofa a buɗe. Ta miƙa masa ita da hannu biyu.

Ni kuwa ina tsaye ina wa'azi. Na ce, "Kun gan shi nan, yana ta neman ƙofa, babu ƙofa. Ya ɗauka ya shiga gidan marayu, bai san hannun Dodo ya faɗo ba. Wannan ko kakansa ya zo..."

Wayar Alhaji ta yi ƙara. Ta Bala ta yi. Ta na bayansa ta yi. Kafin in rufe baki rumfar gaba ɗaya ta ɗauka, kamar kwaɗi bayan ruwan farko, don kusan kowa a wurin abokin cinikina ne, lambarsa na wayata. Alhaji ya laluba aljihu ya sa gilashi. Shi kuma mutum ne da ba ya iya karatu a zuci.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya yi wa Injiniya Dodon Bairos rasuwa bayan gajeruwar jinya. Danna nan ka ga lokacin jana'iza."

Ya juya wayar yana nuna wa jama'a. Ga ni da baƙin gilashi, ga giwan ruwa.

Wani tsoho a baya, kunnensa ya yi nauyi, ya ce, "Allah ya jiƙansa. Wane ne?"

Hannuwa suka nuno ni.

Na ce kada kowa ya danna, amma wasu sun riga sun danna, wai suna son ganin ƙarfe nawa aka sa. Na fizge kebul, na danne wayar har ta mutu, amma bakin alƙalami ya bushe. Alhaji ya cire gilashinsa a hankali ya ce, "Mun kira ka ka hana ɓarawo shigowa, kai kuma ka ɗauko shi a kafaɗa ka raba mana gida-gida." Bala yana ƙasa yana riƙe da ciki.

Sai na ce, "Bala. Inna."

Bala ya bar dariya, ya miƙe tsaye.

Inna, mahaifiyata, tana wata tunga a bayan Shanga, a bakin kogi. Tana da hawan jini. Lokacin da yayana ya rasu, wani marar hankali ne ya faɗa mata a waya kai tsaye, ta faɗi, da ƙyar aka samo ta, har yau ƙafarta ɗaya ja take yi. Bayan nan aka yi taron dangi aka kafa doka: duk wani mummunan labari, ba a faɗa wa Inna a waya. Kawu Isa ne zai tashi daga Shanga da dattawa, ya je ya zauna, a gaisa, a sha ruwa, sannan ya faɗa. Kuma ba a jinkiri, don kada ta ji a bakin 'yan jirgi. Wa ya kawo dokar? Ni. Na yi jawabi mai tsawo ranar, har na buga ƙirji. Tungar babu sabis sai an hau wani suri a bayan masallaci, saboda haka saƙon ba zai same ta ba. Kawu ne zai same ta, da dokata a hannu.

Bala ya kira babansa, layi a cike. Ya sake, a cike. Ya kira mahaifiyarsa, tana kuka ta ce ai Malam ya sa hula ya fita tun da saƙon ya shigo. Na karɓi wayar na ce ni ne, ina raye, sai ta yi salati ta kashe. Na kira matata. Maƙwabta sun riga sun cika mata ɗaki. Da ta ji muryata sai ta ce, "Baban Sadiya, ka dawo gidan. In ka dawo sai mu ga ko saƙon ƙarya ne."

Muka hau babur ɗin Bala, shi yana ja, ni a baya da wayarsa a hannu ina ta neman Kawu. Kuma a nan ne na yi kuskuren leƙa guruf ɗin dangi da na 'yan kasuwa. Jama'a, kada Allah ya nuna muku ta'aziyyarku. Wani ya rubuta, "Allah sarki, gari zai yi shiru." Wata ta ce, "Mutum mai barkwanci, ko da yake wayata tun da ya taɓa ta ba ta ƙara jin magana ba, amma na yafe." Ta yafe. Wayar da ta kawo mini a cikin leda guntu-guntu. Wani mai gyara da ke layinmu, yaron da ni na nuna masa yadda ake riƙe sukundireba, har ya sa hotona da kifin a sitatus, ya rubuta a ƙasa cewa masu wayoyi a shagon marigayi kada su damu, shagonsa na buɗe. Ko wanka ba a yi mini ba.

Na rubuta da manyan baƙaƙe cewa ina nan da raina. Na manta da lambar Bala nake rubutu. Wata gwaggonmu ta ce, "Bala, ka ji tsoron Allah. Wasan taubasantaka har a kan gawa?" Aka cire shi daga guruf.

Mun wuce rabin hanya sai wani sabon saƙo ya shigo. Na karanta, na kife wayar. Bala ya ce mene ne. Na ce ba komai, ya kalli gabansa. Ya tsaya a gefen titi ya ƙwace wayar. Allah ya yi wa Malam Isa Shanga rasuwa bayan gajeruwar jinya. Ga hoton Kawu da rawani.

Na ce, "Kwantar da hankalinka. Dannawa ya yi don ya ga lokacin jana'izata. Shi ya sa layinsa ke cike."

Bala ya kalle ni, idonsa ja. "Ka mutu kai kaɗai bai ishe ka ba, sai ka ja mini uba."

Daga nan har Shanga ramuka ya yi ta faɗawa da gangan.

Damina ce, ruwa ya shanye fadamar shinkafa, babur ba ya kaiwa tunga. Muka shiga kwalekwale. Na tambayi mai jirgin ko ya ga Malam Isa. Ya ce ai shi ya ƙetare da shi ɗazu, shi da dattawa biyu. "Wai ɗan tsohuwar nan ne ya rasu, na Yelwa, mai surutun nan. Ka san shi?"

Na ce, "Na san shi."

"Allah ya jiƙansa. An ce ko tarwaɗa bai taɓa kamawa ba, sai ɗaukar hoto da kifin mutane."

Na ce ya tuƙa, ba hira muka zo ba. Na karɓi ɗaya filafilin ina taya shi, jirgin ya fara juyawa wuri ɗaya, ya ce don Allah in ajiye.

Tun daga bakin gaɓa na hango takalma a ƙofar gida. Na yi gudu, abin da rabona da shi tun ina saurayi. A tsakar gida mata sun fara taruwa, ana kuka ƙasa-ƙasa. Kawu na zaune a kan tabarma, kansa a sunkuye, dattawa a gefensa. Ya riga ya faɗa. Inna na jingine da bango, ƙafarta marar lafiya a miƙe, hannuwanta a kan cinya. Ba ta kuka. Idonta a buɗe yake amma ba ta kallon kowa, leɓenta na motsi babu sauti. Irin zaman da ta yi ke nan wancan karon kafin ta faɗi. Duk wani barkwanci da na taɓa sani ya fita daga kaina.

Na yi sallama.

Dattijo ɗaya ya bi ta danga, har yau ana nuna wurin. Mata suka watse ɗakuna. Kawu ya ja da baya da mazaunai yana karanto duk abin da ya zo bakinsa. Inna kaɗai ba ta motsa ba. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Matso."

Na durƙusa a gabanta. Ta shafa fuskata, ta shafa kaina, ta kama kunnena. Hannunta sanyi ƙalau. Sai ta murɗe kunnen, ta riƙe, ba ta saki ba har aka kawo maganinta ta sha, har aka kira ma'aikacin asibitin tunga ya auna ta ya girgiza kai ya ce a kwantar da ita. Ina durƙushe a bakin gadon, mutum mai furfura a gemu, kunnena a hannun uwata. Na yi ta addu'a a zuci, ina cewa Allah in ka bar mini ita, ko akurkin kaji aka ce in shiga zan shiga.

Allah ya bar mini ita. Bayan la'asar ta tashi ta ce a fito da ita waje. Lokacin gidan ya cika, jirage sun yi ta sauke 'yan ta'aziyya, wasu tawa, wasu kuma ta Kawu, don an ce musu nan ya nufo kafin ya cika. Kawu da ya ji shi ma ya mutu, har wani maƙwabcinsa ya fara tambayar gonar fadama, sai da aka rirriƙe shi. Ya ce shi a rayuwarsa bai taɓa kai saƙon mutuwa mamacin ya biyo shi a guje ba, kuma daga yau in na sake mutuwa in nemi mai kai labari.

Kafin in faɗa muku yadda zaman ya ƙare, bari in ce na ɗauki darasi, don kada ku zaci asara kawai na yi. Na wanke wayoyin rabin Yelwa kyauta, ni da Malama Rifkatu, wadda kallo kawai take bina da shi, kuma da ta zage ni ya fi mini sauƙi. Na rufe ƙofar bayan wayata. Na canja suna, na cire kifin. Yanzu in manhaja ta ce mini ba izini, cewa nake na gode, Allah ya ƙara girma. Na gane wanda ya gina akurkin nan ba mugu ba ne, ya dai taɓa haɗuwa da irina.

To, aka zaunar da Inna a kan kujera 'yar tsugune, jama'a suka kewaye, aka ce in yi bayani. Na gyara murya na fara da Turancin sana'a, don in ɗan dawo da mutuncina. Inna ta ɗaga hannu.

"Yi mani Hausa. Mi ya faru?"

Na ce, "Inna, wani mugun abu ne kamar maciji. Ni kuma ina da wuƙar feɗe shi. To wuƙar a cikin akurki take."

"Wa ya sa ta ciki?"

"Wata malama ce."

"Ta ce maka ka buɗe?"

"A'a. Cewa ta yi kada in buɗe."

"Shi akurkin bai yi magana ba da za ka buɗe shi?"

Na fara sosa ƙeya. Bala daga bayan taro ya ce, "Ya yi, Inna. Da jan rubutu. Ya ce mana gaisuwa ce."

Inna ta gyaɗa kai. Ta kalli Kawu, ta kalli jama'ar da suka baro gonakinsu da tarunansu, sannan ta dawo da ido kaina.

Ta ce, "In ka koma ka gaishe mani da malamar, ka ce na gode. Amma ka hwaɗa mata ta yi kuskure wuri guda. Wuƙa ba ta da laihi. Kai ya kamata ta sa ciki."